Rabin Murfi

Kifi na uku ke nan da Daudu ya tsamo tun hantsi bai gama dubawa ba. Ya ɗago shi a 'yar ragar, ya juya wa kujerar Alhaji Maikasuwa baya don kada tsohon ya gani, ya sake shi cikin kwanon sha, ya rufe da faifai. Wannan shi ne rawayan, mai faɗin tafin hannu, wanda kullum yake fara zuwa bakin gilashi in an kunna fitila. Wahalar banza Daudu ya yi da wannan ɓoyo. Ɓarin jikin Alhaji ne ya shanye, da harshensa, amma idonsa garau yake, kuma kifi bakwai ba su da wuyar ƙirgawa.

Akwatin gilashin ya cinye rabin bangon falon. Ruwan cikinsa ba na dam ɗin Kazaure ba ne, ba kuma na rijiya ba. Ruwan gishiri ne irin na teku, da ake haɗawa a duro da wani gishiri na musamman. A kan duwatsun ciki akwai murjani. Mutanen garin sun san murjani a wuyan mata, a gidan nan ne kaɗai ake ganinsa da ransa, yana buɗewa da safe yana kaɗawa a ruwa. Yau kam babu wanda ya buɗe. Duk sun ƙanƙance sun yi yauƙi, ruwan kuma ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki.

Dakta Muhsina ce mai kayan, 'yar Alhaji ta fari. A Sudan ta yi karatun likita, can ta ga Bahar Maliya ta dawo da wannan rigima. Da aiki ya mayar da ita Abuja sai ta bar akwatin a gida, don tun da ciwon ya kwantar da mahaifinta, wata tara ke nan, babu abin da yake kallo sai shi. Ba ya cewa uffan. In an ajiye shi gaban kifin zai ci tuwo, in an kai shi ɗaki sai ya datse baki.

Watan jiya Alhaji ya zame a banɗaki, goshinsa ya kumbura. Muhsina ta taho a fusace, ta ce ta gaji, za ta tafi da shi Abuja ta ɗaukar masa mai jinya, Daudu ya koma gidansa na Roni ya huta. Daudu ya durƙusa wa yarinyar da ya taɓa goyawa a kafaɗa. Shekara talatin da huɗu suna tare da Alhaji, tun Alhajin yana malamin gona mai yawo a babur tsakanin Roni da Gwiwa, shi kuma yana riƙe masa gandu. Ina zai je ya huta? Sai ta ce, “Wata ɗaya, Baba Daudu. In na dawo na tarar da wani abu ba daidai ba, komai ƙanƙantarsa, ba sai mun sake magana ba.”

Yau watan ya cika. Tun asuba ta bugo waya ta ce ta kamo hanya.

Daudu ya tsuguna ya buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin akwatin. Nan akwai wani ƙaramin akwati da fitilarsa, ruwan babban akwatin yana gangarowa ciki, inji yana mayar da shi. A ciki ciyawar teku take, dunƙule guda kamar zaren da ya harɗe. Ta yi kore shar, ta cika wurin har tana tokare murfi. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yin kyau irin na yau ba, kuma Daudu ya san dalili.

Ranar da Muhsina za ta tafi ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Kashin kifi da ragowar abinci, in ji ta, suna rikiɗa su zama wani abu a ruwa da ake kira naitiret, in ya yi yawa murjani ya mutu. Ciyawar nan ita ke shanye shi. In ta cika, a yage rabi a zubar. “Ka kula min da ita,” ta ce. “In tana raye, komai na sama yana raye.”

To, ai ka ji inda aka samu matsala. An ɗauki shuka an damƙa a hannun manomi, an ce masa rayuwar kowa a kanta take.

Sati biyun farko lafiya lau. Ciyawa ta cika, ya yage rabi, ya miƙa wa awakin Tasalla mai girki, suka shinshina suka ba shi baya. A sati na uku sai ya ga ta daina tashi. Korenta ya fara koɗewa, bakin zaren ya yi fari. Daudu bai yi karatun boko ba, amma babu wanda zai koya masa ma'anar ganye ya koɗe a tsakiyar damina. Yunwa ce. Ya tsinko kaɗan ya kai gaban Alhaji ya ɗaga masa a haske, kamar yadda ya sha kai masa ganyen dawa shekara da shekaru. Alhaji ya duba, ya duba. Daudu ya zagaya baya, inda buhun takin yuriyar da ya sayo don masarar bayan gida yake jingine, ya ɗebo a tafin hannu ya nuna masa. Tsohon ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

Ranar Daudu ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Wata tara ana juya mutumin nan kamar kayan wanki, a ɗaga a ajiye, yau ga shi an kawo masa matsalar gona ya yanke hukunci. Daudu ya samo murfin kwalbar lemo, ma'aunin da Alhaji ya koya wa rabin manoman Roni, ya cika shi fal ya juye. Bayan kwana biyu ciyawa ta farfaɗo. Ya ƙara murfi guda. Da ya ga ta amsa da kyau, ya ƙara na uku, don Dakta ta zo ta ga aiki.

Ga aikin nan kuwa a kwanon sha.

Tasalla ta shigo da kunun Alhaji, ta ajiye, ta ɗaga faifan ba tare da an ce ta ɗaga ba.

“Innalillahi! Uku? Daudu, ka kashe mu.”

“Rufe min, don Allah.”

“Har da mai rawayan? Wannan fa Dakta ta ce ta jirgin sama ya zo. Ni ko Kano sai a motar haya.” Ta leƙa kabad ɗin ta kama haɓa. “Oh, ni Tasalla! Amma fa gonarka ta yi kyau. Yaushe za a yi girbi?”

Bai kula ta ba. Ta matso ta rage murya, duk da Alhaji yana nan zaune yana jin komai, don mutane sun saba magana a gabansa kamar a gaban bango.

“Ka ce sola ce. Ka ce ranar hadarin nan na Laraba batir ya mutu, inji ya tsaya. Wa zai ƙaryata ka? Ni dai ban ga komai ba. Shi kuma,” ta nuna Alhaji da leɓe, “sai dai ya faɗa a lahira.”

“Sola ba ta mutu ba.”

“To zauna nan. Kai ka koma Roni, ni a ce min an rufe gida. Ka san shekara nawa nake tuƙa tuwon gidan nan?”

Ta fita tana mita. Daudu ya ɗauki cokali ya zauna gaban Alhaji. Maganar Tasalla ta shige shi, ba zai ce ba ta shige shi ba. Tsoro yake ji, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da Alhaji ya faɗi. A Roni 'ya'yansa sun raba ɗakuna da matansu, matarsa ta rasu shekara shida. In ya koma, tabarma ce a zaure da jiran a kira salla. Kuma wa ya san yadda ake juya Alhaji ta ɓarin hagu ba tare da an taɓa kafaɗar ba? Wa ya san in ya ɗaga gira sau biyu buta yake so?

Alhaji ya karɓi cokali uku, ya kau da kai. Idonsa yana kan akwatin, inda wani ɗan kifi ruwan goro mai zanen fari ya kwanta a gefen dutse yana haki.

Daudu ya yi abin da ya sani. Akwai rabin duro na ruwan gishiri da Muhsina ta haɗa ta bari. Ya zuƙe bokiti uku daga akwatin da tiyo, ya mayar da sabo. Ruwan ya ɗan washe. Ya yi wa Alhaji wanka, ya yanke masa farce, ya sa masa farar rigar da aka goge da hular da ta dace da ita. Ya share falo har ƙarƙashin kujeru. Kifi ukun ya haƙa rami a gindin masara ya binne, don ko a wannan halin hannunsa bai yarda a yi asarar taki ba.

Ana idar da sallar azahar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Muhsina ta shigo da sallama, ta zube gaban mahaifinta ta gaishe shi, ta riƙe hannunsa mai lafiyan. Ta duba goshin, ta ɗaga rigar ta duba bayansa ko akwai gyambon kwanciya, ta duba tsakanin yatsun ƙafa. Babu komai. Ta gwada jininsa, ta gyaɗa kai.

“Sannu da ƙoƙari, Baba Daudu. Ya ma yi ƙiba.”

“Sannu da hanya, Dakta. Ya aiki?”

“Alhamdu lillahi.” Ta miƙe tana murmushi, ta juya wajen akwatin. Murmushin ya tafi.

Ba ta yi ihu ba. Ba halinta ba ne. Ta tsaya tana ƙirga da ido. Ta sunkuya ta kalli murjanin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta buɗe durowa ta fito da 'yar kwalbar gwaji, ta ɗebi ruwa, ta ɗiga magani, ta girgiza, ta ajiye a kan tebur tana duba agogo. Daudu ya sha ganin wannan gwaji. In ruwan lafiya yake, kwalbar takan tsaya fara da ɗan ja kaɗan. Yau kafin minti ya cika ta rine kamar zoɓo.

“Wuta ta ɗauke ne?” ta tambaya ba tare da ta waiwayo ba.

Tasalla tana tsaye a bakin ƙofa da tiren abinci. Ta zuba wa Daudu ido har kamar za su faɗo.

“Ba ta ɗauke ba,” in ji Daudu.

“Abinci ka cika musu?”

“Yadda kika auna, haka nake ba su.”

“To daga ina? Wannan ba abin wata ɗaya ba ne. Ko gawa aka jefa a ciki...” Ta tsuguna ta buɗe kabad. Ta daɗe tana kallon ciyawar. Ta sa hannu ta ɗago ta, ruwa yana zuba, kore har wani baƙi-baƙi take yi. Sai idonta ya faɗa kan murfin kwalbar lemo a kusurwa, da 'yan fararen ƙwayoyi biyu-uku manne a cikinsa. 'Yar malamin gona ce, ba ta buƙaci a gaya mata ba.

“Baba Daudu. Taki?”

“Ta koɗe ne, Dakta. Har ta fara fari. Kin ce in tana raye...”

“Yuriya ka zuba min a ruwa?”

“Yunwa take ji.”

“Ai yunwar muke so!” Muryarta ta tashi, ta mayar da ita ƙasa don mahaifinta. “Yunwar ita ce aikin. Ta koɗe don ta gama shanye dattin, babu saura, ruwan ya yi tsab. Abin da nake ta fama in cire, shi ne taki. Shi ɗin dai. Na sa ciyawa ta kwashe shi, kai ka bi baya da buhu kana mayarwa.”

A ransa Daudu yana juya maganar, ta ƙi zama. A ce an shuka abu don a bar shi da yunwa? A ce ramarsa ita ce alamar an ci nasara? Shekara sittin da biyu a duniya bai taɓa jin gona irin wannan ba.

“Nawa ka zuba?”

“Murfi uku. Ba rana ɗaya ba.”

Ta rufe ido. “Me ya hana ka kira ni? Waya tana hannunka.”

Amsar tana bakinsa: ai na tambayi wanda ya fi ki sanin shuka. Ya haɗiye ta. In ya faɗa, ko ta ce ya laƙaba wa marar baki laifi, ko kuma ta yarda, ta ce lallai kan Abba ya taɓu. Duka biyun babu na zaɓe.

“Ganin kaina ne,” ya ce. “Ki yi haƙuri.”

“Ba maganar kifi nake ba, ka gane? Kifi a sayi wani. Yau ka ga ciyawa ta rame ka ƙara mata abin da ban ce ba. Gobe ka ga Abba ya yi laushi, ka ce bari in ƙara masa ƙwaya ɗaya. Da me zan kwana a Abuja?”

“Wallahi ban taɓa...”

“Na sani. Ciyawar ma ai ba ka taɓa ba.”

Wani sauti ya fito daga kujerar, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Duka suka waiwaya. Alhaji ya tattaro bakinsa gefe guda, jijiyar wuyansa ta miƙe, hannunsa mai lafiyan yana dukan hannun kujera. Ba 'yarsa yake kallo ba. Daudu yake harara.

“Ra... rabi,” ya ce.

Babu wanda ya motsa.

“Rabin... murfi. Sau... ɗaya.” Ya ja numfashi, miyau yana gangarowa ta gefen da ya shanye. “Hannunka... nauyi. Tun... da can.”

Tiren Tasalla ya karkace, miya ta malalo a kan ledar ɗaki, ba ta ma sani ba. Faɗan da Daudu ya sha a gonar Roni ke nan, a gaban 'yan ƙwadago, shekara da shekaru, da muryar da ya fid da ran zai sake ji. Hawaye ya zubo masa, kuma abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da ya saba fitowa.

“Ƙasar ce ke sha, ranka ya daɗe.”

“Ƙarya,” in ji Alhaji, wannan karon sarai.

Muhsina ta durƙusa gabansa. “Abba? Abba, kai ka ce a zuba?”

Ya gyaɗa kai da ƙarfi, da alfahari ma, kamar wanda aka tambaya ko shi ya gina masallacin unguwa.

Ta yi dariya, ta yi kuka, ta share fuska da gefen mayafi. Ta riƙe hannun Daudu ta ce ya yafe mata, ta yi masa faɗan da ba nasa shi kaɗai ba. Tasalla ta ruga tsakar gida tana rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Daudu ya jingina da bango yana hamdala. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Sai dai likita likita ce. Kafin guɗar ta lafa Muhsina ta zaro waya ta fita baranda. Daudu yana jiyo ta, rabi da Turanci rabi da Hausa. Kalma goma sha wani abu, in ji ta, a jere, da ma'ana, kuma ya tuna abin da ya wuce. E, wata tara. A'a, nan babu mai wannan aikin, ko kusa. Ta saurara. Ta ce Litinin ta yi, ƙarfe tara.

Ta dawo fuskarta tana haske.

“Baba Daudu, akwai masu koya wa irin su Abba magana, aikinsu ke nan. Da na ɗauka lokacin ya wuce mana. Ashe maganar tana nan! Amma sai an bi ta kullum, da zafinta, in an yi sanyi ta koma. Gobe da sassafe za mu tafi.”

“Ku tafi,” in ji Daudu.

“Ba don kifin ba, wallahi. Wannan ya wuce, kada ka sa a ranka.”

“To, in ya so ni ma sai in...”

“Ɗaki biyu ne gidan, ga yara, ga mai jinyar da asibitin za su turo. Ka dai bari mu ga yadda za a yi.” Ta juya ga mahaifinta, ta ɗaga wayar saitin fuskarsa. “Abba, sake faɗa in ɗauka in tura musu. Rabin me? Ce rabin murfi.”

Alhaji ya kalli wayar. Ya kalli 'yarsa. Sannan ya juya ido a hankali ya kalli Daudu, ya daɗe yana kallonsa, kuma Daudu ya ga lokacin da abin ya isa gare shi, cewa maganar da ya yi ce za ta raba su. Tsohon ya datse bakinsa gam.

“Abba, don Allah. Kalma ɗaya.”

Ko motsi. Ta lallaɓa, ta yi masa wasa, ta kira shi malamin gona. Ya mayar da idonsa kan akwatin ya zama dutse, kamar yadda yake wata tara.

“Ya gaji ne,” in ji Muhsina. “Ba komai, ai na ji da kunnena.” Ta miƙe, wayar ta sake ƙara a hannunta. “Baba Daudu, taimaka ka haɗa masa kayansa. Kai ka san inda komai yake.”

Daudu ya shiga ɗakin Alhaji, ya sauko da jakar daga kan kabad, ya kaɗe ta. Ya buɗe wajen riguna ya tsaya. Ya dawo bakin ƙofa ya jira har ta ɗan sauke wayar daga kunne.

“Dakta, na kwana nawa zan haɗa?”

Ta toshe bakin wayar da tafin hannu.

“Haɗa duka,” ta ce, ta ci gaba da magana.